Ƙadandoniya biyu sun mutu min cikin sati ɗaya, ina matsalar take?

Wa alaikumus salam ƙanena. Na karanta bayaninka tsaf. Kace ka ɗebo manyan ƙadandoniya uku daga gonar kawunka wajen Ejisu, ka zuba su a bokitin fenti da yashi a ƙasa, kana basu latas, sati bai cika ba biyu sun mutu, ta ukun kuma ta nannaɗe bata motsi, Hajiya tace ka fitar mata da abin daga gida tunda dafi gareshi, kai kuma kana shirin yin odar tabarmar ɗumama akwati irin wadda ka gani a YouTube. Toh kafin komai, kuɗin tabarmar nan ka barshi a aljihunka.

Masu bidiyon da kake kallo yawancinsu a Ingila suke ko Jamus ko Amurka, matsalarsu sanyi ne, shi yasa rabin maganarsu akan hita take. Irin waɗannan dabbobin suna son ɗumi tsakanin digiri 24 zuwa 28, kai kuma a Kumasi kake, wannan ɗumin kyauta Allah ya baka. Abin da ke kashe su a wajenmu daban ne, yunwa ce da bushewa da maganin ƙwari, sai kuma zafin ɗakin da ke da rufin kwano babu silin, musamman Fabrairu da Maris kafin ruwa ya sauka. In ka ƙara hita akan wannan dafa ta kawai zakayi.

Yashin nan shine babban laifin. Mutane suna ɗauka ƙasar da ake zubawa a akwati shimfiɗa ce kawai, abinci kuma shine ganyen da ake ajiyewa a sama, alhali a wajen ƙadandoniya ƙasar ita ce abincin, ita ce ɗakin kwana, a cikinta take saɓa, a cikinta take ƙwai. A daji aikinta kenan, cin ruɓaɓɓen ganye da ruɓaɓɓen itace tana mayar dasu taki. Yashin gini babu komai cikinsa da zata ci, baya riƙe laima yadda ya kamata, in ta haƙa rami ya rufta. Latas kuwa kusan duk ruwa ne. Kaga ka ajiye su babu abinci babu wajen ɓuya, ga kuma bokitin fenti wanda ni ko an wanke shi sau nawa ban yarda dashi ba. Duk wanda zai kiwata wannan dabbar, rabin aikinsa ko fiye kula da ƙasa ne, in ƙasar tayi kyau dabbar bata buƙatarka sosai.

Ga yadda nake haɗawa. Ka nemi itacen da ya faɗi ya daɗe a ƙasa a inuwa, ba wanda ya bushe ƙamas ba, wanda ya ruɓe har cikinsa yayi fari-fari ko ruwan madara, in ka danna da babban yatsa ya lotsa, in ka murza ya wargaje zare-zare a tafin hannunka, kuma in ka shinshina ƙamshin ƙasa bayan ruwan sama zakaji ba tsami ba. Wannan shine abincin gaske. Wanda ya ruɓe yayi ja yana farfashewa ƙwaya-ƙwaya bashi da amfani sosai, barshi a can. Ka farfasa farin da hannu, ka haɗa da busasshen ganyen da ya riga ya fara ruɓa, wato na ƙasan tarin wanda yayi baƙi-baƙi yana manne da juna, ba na saman da iska ta kaɗo jiya ba. Itace da ganye su zama rabin haɗin ko fiye, sauran baƙar ƙasa ta ƙarƙashin bishiyoyi. A sama kuma ka sake barbaza ganye mai kauri da ɓawon itace babba guda ɗaya ko biyu da zata shiga ƙarƙashi, da reshe wanda zata hau.

Ganyen mangwaro yayi, na gwaba yayi, na bishiyar almon ɗin nan da Asantawa ke kira abrofo nkate ma yayi kyau sosai kuma ga shi ko'ina, a Ankara ma har yafi yawa. Wanda zaka guje masa shine dogon yaro, don shi kansa maganin ƙwari ne, manoma ma jiƙa shi suke su fesa, sai bishiyar turare da duk wani itace mai ƙamshi mai ƙarfi ko mai ƙaro irin na fayin. Ganyen koko a karan kansa ba laifi, amma kasan gonar koko ana mata feshi akai-akai, na ƙwari da na ruɓar 'ya'yan koko, saboda haka in gonar kawunka ta koko ce kar ka ɗebi ko ƙwayar ganye a ciki, ka shiga gefen da ba'a nomawa. Garin katako na wajen masu yanka katako a Sokoban shima a'a, bakasan wane itace aka haɗa ba, wani an shafa masa maganin gara, kuma ɗanyen gari ne bai ruɓe ba balle ta iya ci. Baƙar ƙasar da masu fulawa ke sayarwa a buhu a bakin titi sai ka tambaya sosai, da yawa akwai kashin kaji ko takin zamani a ciki. Wasu suna sa garin ɓawon kwakwa, yana riƙe ruwa kam amma ba abinci bane, in ka cika akwati dashi dabbar zata mutu da yunwa cikinta cike.

Kafin ka zuba, ka baza kayan akan buhu ka tsince da hannu, kana neman shanshani da gara da gidan tururuwa. Wasu suna sa ganyen a firiza kwana biyu uku, amma da yanayin wutarmu ni nafi ganewa in kwara masa ruwan zafi in barshi ya huce ya tsane. Ba sai ka dafa shi ya mutu murus ba, ƙananan halittun da ido baya gani da ke ruɓar da ganyen suna cikin abin da take ci.

Zurfin ƙasar ya kai aƙalla tsawon dabbar, in tsawonta santimita 15 ne toh ƙasar ta kai haka, in ta fi ma babu laifi. Akwatin kuma tsawonsa ya ninka tsawonta biyu ko uku. Ba sai gilashi ba, babbar robar ajiye kaya mai murfi da ake sayarwa a Kejetia, sabuwa dal, ta wadatar. Ka huda ƙananan ramuka a murfin da saman gefe da ƙusa mai zafi. Murfin ya kama sosai don suna da ƙarfi fiye da yadda kake zato, da kai suke turawa, a daji da shi suke kutsawa cikin ƙasa. In zaka rufe ramukan da raga, dan Allah kar ka yanko gidan sauron nan da ake rabawa a asibiti, an jiƙa shi da maganin ƙwari tun daga kamfani kuma maganin yana daɗewa a jikin zaren, mutane da yawa basa kawo wannan a ransu.

Wannan ya kawo mu kan abin da nake zargin ya ƙarasa naka biyun. Baka faɗa ba amma nasan ɗakin zango, da magariba an kunna koyil ko an fesa maganin sauro an ja ƙofa. Abin da ke kashe sauro da kyankyaso yana kashe ƙadandoniya, wani lokacin ba nan take ba, sai kaga tana murɗewa tana birgima, ƙafafun suna karkarwa ba tsari, ta kasa nannaɗewa daidai, bayan kwana ɗaya biyu shikenan. Babu magani in ta kai nan. Saboda haka akwatin ya zauna inda ba'a feshi kwata-kwata, baranda mai inuwa ko wani lungu da rana bata dukansa. Allin nan da ake zanawa don kyankyaso shima kar ya matso kusa, haka hannun da ka shafa wa man korar sauro ko turare. Hayaƙin turaren wuta ma ni ina nisantar dasu.

Sai maganar laima. Ƙadandoniya tana numfashi ne ta wasu ƙananan ƙofofi a ƙasan jikinta dab da gindin ƙafafu, kuma jikinta bashi da rufin kakin da ke hana ƙwari irin su kyankyaso bushewa, shi yasa ruwan jikinta ke saurin tafiya, shi yasa kuma da rana take ɓuya sai dare ko bayan ruwa kake ganinsu a hanya. Amma kuma in ƙasar ta zama caɓi zata iya shaƙewa. Gwajin mai sauƙi ne, ka damƙi ƙasar a hannu ka matse, ta dunƙule ta tsaya amma ruwa bai tsiyayo ta tsakanin yatsunka ba, ɗigo ɗaya ko biyu ba komai. Ni ina jiƙa gefe ɗaya fiye da ɗayan, ita zata zaɓi inda yayi mata. Da damina kusan ba ruwanka, yayyafi kaɗan in kaga saman ya bushe. Hunturu ne lokacin tsaro, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da leɓenka ke tsagewa toh ka tuna da ita, ka rufe rabin ramukan iskar, ka ƙara ganye a sama, ka rinƙa dubawa kullum. Ɗaki mai esi shima hunturu ne a wajenta ko da watan Yuni ne. Ruwan sama yafi, in na famfo ne ka tara ya kwana a buɗe kafin ka yi amfani dashi.

Yanzu maganar Hajiya. Ka bita a hankali, tsoronta yana da tushe, sai dai ina ganin ta haɗa ta da shanshani ne. Shanshani jikinsa a baje yake, ƙafa biyu a kowace gaɓa ɗaya hagu ɗaya dama, gudu gareshi, mafarauci ne, kuma yana da ƙayoyin dafi a ƙasan kai, cizonsa ba wasa. Ƙadandoniya kuwa jikinta a mulmule, ƙafa huɗu a yawancin gaɓoɓinta, tafiya a hankali, bata cizo bata harbi, bakinta na gurgurar ruɓaɓɓen ganye ne. In ta tsorata nannaɗewa takeyi ta ɓoye kai a tsakiya, in abin ya ƙara tsananta sai ta fitar da wani ruwa mai wari ta wasu ramuka a gefen jikinta. A manyan nan irin naka ruwan yana da sinadarin da ake kira benzokwinon, yana rina fata ruwan ɗorawa sannan ya koma ja-ja ko baƙi kamar lalle, ya ɗauki kwanaki kafin ya goge, wani mai fata mara ƙwari yaji zafi ko ƙaiƙayi. A hannu sabulu da ruwa sun isa. Inda haɗarin yake shine ido da baki, in ya shiga ido a wanke da ruwa mai yawa na tsawon lokaci a tafi asibiti, ba'a tsaya jiran gobe. Don haka ƙananan yara kar su ɗauka ba babba a wajen, kuma duk wanda ya taɓa ya wanke hannu kafin ya ci abinci. Akwai wasu ƙanana masu faffaɗan baya da gefe kamar haƙoran zarto, su ruwan nasu akwai sayanaid a ciki, ɗan kaɗan ne bazai kashe mutum don ya taɓa ba, amma kar ka cusa su cikin rufaffiyar kwalba tare da wasu. Abin mamaki a Madagaska akwai birran da ake kira lemur da ke kama ƙadandoniya su ɗan cije ta don ta fitar da ruwan su shafe jikinsu dashi, masana na ganin don korar ƙwari ne. Nan kusa damu ma a Burkina Faso, Bobo suna cin wasu irinsu bayan sun dafa sun shanya. Wannan dai kar ka gaya wa Hajiya.

Wace iri ce taka, sai na gani zan iya cewa, don iri-irin da aka yi wa suna a duniya sun haura dubu 12. Amma manyan da ake yawan fitarwa daga Ghana zuwa kasuwar Turai akwai Ophistreptus guineensis, mai ruwan cakulan tana sheƙi, tana wuce santimita 20, da Telodeinopus aoutii, siririya mai dogayen ƙafafu masu ratsi, ita wannan hawa take so sosai, in baka sa mata reshe ba ka cuce ta. Ƙatuwar baƙar nan da kake gani a bidiyo tana naɗe hannun mutum, Archispirostreptus gigas, ta gabashin Afirka ce wajen Kenya da Tanzaniya, tana haura santimita 30, ƙafafunta wajen 256, kuma tana yin shekara 5 zuwa 7 ko fiye in an kula da ita. Wadda tafi kowa ƙafa kuwa ba babba bace ma, wata siririya ce da aka samo can ƙarƙashin ƙasa a Ostireliya aka bayyana ta a 2021, an ƙirga mata ƙafa 1,306.

Abincin sama ƙari ne kawai, sau ɗaya ko biyu a sati. Yankan kokwamba, kabewa, gwanda, ayaba da ta nuna sosai, mangwaro, karas, dankali. Ka fere bayan don kayan lambunmu ana musu feshi. Ka ajiye da yamma akan ɗan ɓawon itace, in ya kwana biyu ka kwashe kafin funfuna da ƙananan ƙudaje su taru. Lemu da albasa da barkono ka barsu. Lokaci-lokaci ɗan abincin kifi ko ɗan guntun busasshen kifi mara gishiri yana taimaka musu, amma ban da kifin gishiri irin su kobi da momoni, gishirin ciki illa ne. Abin da mutane ke mantawa shine kalsiyam, ɓawon jikinta da shi aka gina shi, shi yasa yake da tauri haka. Ka wanke ɓawon ƙwai ka shanya ka daka ya zama gari ka cakuɗa cikin ƙasar, ko ɓawon katantanwa tunda a Kumasi baya wuya. Ruwan sha ba dole bane in ƙasar na da laima, in zaka sa toh murfin kwalba ya isa, mai zurfi nutsewa zasuyi musamman ƙanana.

Ta ukun da kace bata motsi, ka ɗauke ta a hankali ka duba. In a nannaɗe take gam kuma in ka taɓa ta ƙara matsewa, da ranta, tsoro da ƙishi ne ke damunta, ka sa ta kan jiƙaƙƙen ganye a sabuwar roba yau ɗin nan tun kafin ka gama haɗa ƙasar. In jikin ya saki, gaɓoɓin sun buɗe, ga wari, toh ta tafi. In ta farfaɗo ka sa ta a akwatin kirki, akwai ranar da zaka duba ka rasa ta, sati biyu sati uku har wata babu labari. Kar ka tona. Ta shiga ƙasa ne tayi ɗaki zata yi saɓa, lokacin jikinta laushi ne tuɓus, yatsanka kaɗai ya isa ya fasa ta ko ya karya mata ƙafafu, kuma yawancin waɗanda suka mutu a hannun masu kiwo na kirki nan ne suke mutuwa, mai ita ya kasa haƙuri. Kai dai ka cigaba da kula da laima kar ka jijjiga akwatin. In ta gama takan cinye tsohon ɓawon ta fito tana ƙyalli.

Tururuwa kuwa sai ka tashi tsaye, kiyashi da cinnaka suna bin ƙamshin ayaba, in kuma kana gefen gari inda kwarkwasa ke wucewa dare ɗaya sun gama da komai. Ka ɗora akwatin kan tebur ka sa ƙafafun teburin cikin gwangwanin ruwa, ko ka shafa basilin zagaye da robar ta waje. Zaka iya ganin wasu mitsi-mitsin halittu dangin kaska suna yawo da sauri tsakanin ƙafafun dabbar, waɗannan tare suke zuwa daga daji kuma galibi basa cutar da ita, barsu. Waɗanda suka taru suka manne waje ɗaya basa motsi, musamman wajen kai, su ake gogewa da jiƙaƙƙiyar auduga, kuma alama ce abinci yana ruɓewa a akwatin da yawa.

Ɗauka a hannu ba laifi amma ba kullum ba, kuma kana zaune, hannunka kusa da ƙasa ko kan katifa. Ka shimfiɗa tafin hannu ta hau da kanta. Faɗuwa daga tsayin ƙugu kan siminti tana fasa ɓawon kuma ba'a ɗinkewa. In ta riƙe rigarka kar ka fizge, ƙafafun zasu tsinke, ka taɓa bayanta a hankali ta cigaba da tafiya.

In zaka ƙaro wasu, ka tsaya a gonar kawunka da gefenta, kar ka shiga Bobiri ko Owabi da leda, wuraren gwamnati ne masu tsaro ba'a ɗibar komai sai da izini. Wanda kuma yake raɗa maka wai ana samun dala in an tura su waje, fitar da dabbar daji daga ƙasar nan sai da takardar sashen namun daji na hukumar gandun daji, ƙasar da za'a kai ma tana da nata sharuɗɗan. Biyu ko uku sun isheka, kuma ranar da kaji ka gaji ka mayar dasu inda ka ɗebo su, kar ka barsu su bushe a lungu, hakki ne.

Gane namiji da mace sai sun girma. Ka bari ta hau gefen roba mai haske ka leƙa cikinta, ka ƙirga gaɓoɓi daga kai, a ta bakwai namiji zakaga gurbi kamar an cire ƙafafu, a nan kayan barbararsa suke, mace kuwa ƙafafunta a jere suke ba giɓi. In ka dace da duka biyun kuma ƙasar tayi musu, mace zata zuba ƙwai a ciki, sau da yawa kowane ƙwai a lulluɓe da ƙasa ya zama ɗan dunƙule wanda bazaka banbance shi da kashinsu ba. 'Ya'yan suna fitowa farare ƙanana da ƙafa shida kacal, duk saɓa suna ƙara gaɓa da ƙafafu, kuma manyan iri suna ɗaukar shekaru kafin su kai girman iyayen. Saboda wannan ne ba'a juye tsohuwar ƙasa a bola. In kaga ganye da itacen sun ƙare, saman ya koma ƙananan dunƙulen kashi zalla, ka kwashe kashi ɗaya cikin uku daga sama lokacin da kake ganin duk manyan a waje, ka cike da sabon haɗi, wanda ka kwashe kuma ka ajiye a wata roba da laima wata biyu ko uku kana leƙawa, in babu abin da ya fito sai ka kai wa Hajiya ta zuba a tukunyar shukarta.